Zauren Tambaya: Gilashin Nutso ga Mai Raunin Gani

A 'yan watannin nan wasiƙu sun taru a kan batu ɗaya: mai sa tabarau, yaya zai yi ya ga gabansa a ƙarƙashin ruwa? Wasu daga ɗalibanmu da ke karatu a Masar da Saudiyya, kusa da Bahar Maliya, wasu daga 'yan Katsina masu aikin ruwa a yankin Fatakwal, wasu kuma daga masu aikin ceto a madatsun ruwanmu na gida. Masu gwajin ido da masu koyar da nutso ne suka haɗu suka amsa. Mun taƙaita tambayoyin.

Ni ɗan Ƙofar Ƙaura ne, ina karatu a Iskandariya, kuma zan je Dahab koyon nutso da tukunyar iska. Tabarauna −3.25 ne a dama, −2.75 a hagu. Zan iya sa shi a cikin gilashin nutso? Wani ya ce ma ba na bukata, tunda ruwa yana ƙara girman abu.

Ƙanenmu, tabarau ba ya zama a cikin gilashin nutso. Hannayensa da ke tafiya bayan kunne za su ɗaga leɓen robar da ke manne da fuska, ruwa ya yi ta kwarara ta nan.

Wanda ya ce ruwa yana ƙara girma bai yi ƙarya ba. Idan ka kalli abu ta shafaffen gilashi a cikin ruwa, yakan yi kamar ya ƙaru da kashi 1 cikin 3, ya kuma matso da kusan kashi 1 cikin 4 na nisansa. Kifin da ke mita 4 za ka gan shi kamar a mita 3. Amma girma daban, fitowar hoto daban. Mai −1.00 ko ƙasa da haka yakan lallaɓa ba lens, wato gilashin gyaran gani. Kai da ke da −3.25, duk abin da ya wuce tsawon hannunka dishi-dishi ne, kuma a cikin ruwa da yatsu malaminka zai riƙa yi maka magana. Idan ba ka bambance yatsa 2 da 3 daga mita 5, akwai matsala.

Ka fara da zaɓen gilashin da ya zauna a fuskarka, kafin maganar lens. Wanda ya juya wannan tsarin kamar wanda ya kai riga wajen mai aiki ne kafin ya gwada ta a jiki. Ka ɗora gilashin a fuska ba tare da maɗaurin ba, ka ture gashi daga goshi, ka ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannu. In ya manne ya tsaya har ka sunkuyar da kai, ya zauna. In kana jin iska na shiga ta gefen ido ko ƙasan hanci, ajiye shi ka ɗauki wani. Ka kuma gwada da abin shaƙar iska a baki, domin buɗe baki yana canza siffar kumatu, wani gilashin sai a lokacin yake yoyo.

Ka nemi mai taga biyu, kowane ido da gilashinsa, kuma ka tambaya tun a shago ko kamfanin yana yi wa wannan samfurin lens na gyaran gani. Lens ɗin wani samfuri ba lallai ne ya shiga wani ba, ko da kamfani ɗaya ne. Irin waɗannan da ake saya a shirye sukan fara daga −1.00 ko −1.50 har zuwa wajen −8.00, suna tafiya da rabi-rabi, babu kwata. Don haka −3.25 ɗinka babu shi, sai −3.00 ko −3.50. Ɗauki −3.00 a dama, −2.50 a hagu, wato mai ɗan rauni. Dalili shi ne a ruwa ba kallon nesa sosai ake yi ba, kuma komai ya riga ya matso. Lens da ya fi ƙarfin ido yana sa tsokar cikin ido ta yi ta aiki ba hutu, a fito da ciwon kai a tsakanin gira, kuma karatun geji, mai nuna iskar da ta rage a tukunya, ya ƙara wuya.

Sa shi ba wuya. Ana ɓalle firam ɗin roba mai tauri da ke riƙe da gilashin, da wani ƙaramin ƙarfe mai faɗin baki, a zare tsohon, a zaunar da sabon a cikin ramin silikon ɗinsa, a mayar da firam har ya yi ƙas a kowane gefe. Shafaffen ɓangaren ne yake kallon ruwa, mai kwarin yana kallon ido. Yawan yoyon da ake samu bayan canji daga naɗewar leɓen silikon ne a ƙarƙashin gilashin. Ka bar shagon su sa maka, ka kuma gwada a tafkin koyo kafin teku.

Daga Daura. Takardar gwajina ta ce idon dama SPH −2.00, CYL −1.50, AXIS 170. Wace lamba zan saya?

Malam, lambar CYL ita ce ta sa lamarinka ya bambanta. Tana nuna cewa gaban idonka bai lanƙwasa daidai ta kowace fuska ba, wani ɓangaren ya fi wani, AXIS kuma ita ce kusurwar da karkatar take. Lens na shirye ba ya gyara wannan. SPH, wato ainihin ƙarfin gyaran gani, kawai yake da shi.

Akwai dabarar da ake yi: a raba CYL biyu, a haɗa da SPH. A naka, rabin −1.50 shi ne −0.75, a haɗa da −2.00 ya zama −2.75, sai a ɗauki −2.50. Ga mai CYL 0.75 ko ƙasa, wannan ya wadatar, da wuya ma ya lura da bambanci. Daga 1.00 abin ya fara zama ka-gwada-ka-gani. A 1.50 kuwa za ka ga kifi da dutse, amma lambobi za su riƙa yin inuwa, 3 ta zama kamar 8, 5 kamar 6. Shawararmu ka yi lens na musamman.

Hanyoyinsa biyu ne. Ko a sassaƙa lens bisa takardarka a manna shi da gam na musamman mai garai-garai a cikin gilashin da ka riga ka zaɓa, ko a yi sabon gilashin gaba ɗaya da ƙarfin a jikinsa. Na farkon ya fi yawa, kuma yana yiwuwa har a gilashi mai taga ɗaya. Galibin masu wannan aiki a ƙasashen waje suke, ana aika musu gilashin da takarda, a jira makonni, kuɗin kuma yakan wuce na gilashin kansa nesa ba kusa ba. Saboda haka abubuwa uku kada ka yi wasa da su.

Takardar ta zama sabuwa. In ta haura shekara 1, sake gwaji, ko a sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko wajen duk wani mai gwajin ido mai lasisi.

Ka roƙi a rubuta maka PD, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar baƙin idon dama da na hagu. A manya yakan kasance tsakanin milimita 54 da 74. Sau da yawa ba a rubuta shi a takarda, domin mai yanka tabarau yakan auna da kansa.

Na uku, ka sa gilashin a fuska yadda za ka shiga ruwa da shi, ka miƙe kai ka kalli nesa, wani ya tsaya daidai gabanka ya ɗiga maka da maka a wajen gilashin, daidai tsakiyar kowane ido. Sai a rufe ɗigon da salatif kada ya goge a hanya. Amfaninsa shi ne kowane lens yana da cibiya, in ta kauce daga ido hoton yana gocewa gefe. Ga mai −2.00 kaucewar milimita 2 ko 3 ba ta da wani tasiri. Ga mai −6.00 kuwa, milimita 5 ta isa ta sa idanu biyu su yi ta kokawar haɗa hoto, a samu jiri ko gani biyu-biyu.

Shekaruna 52, ina aikin duba bututu da ƙafafun gada a ƙarƙashin ruwa a kudu. Nesa ina gani tangaran, amma lambobin agogon nutso, mai nuna zurfi da lokaci, sun fara gagarata, sai na miƙe hannu. A gida ina karatu da +1.50.

Ranka ya daɗe, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a zauren yau. Daga shekara 40 zuwa 45 lens ɗin cikin ido yakan fara tauri, ya rage iya lanƙwasawa don ganin kusa. Kowa yana zuwa nan. A tudu abin takaici ne kawai, a nemi tabarau a aljihu. A ruwa kuwa, tukunyar da aka cika har matsin iskarta ya kai bar 200 a geji ana son a fito da aƙalla 50 a ciki, kuma mutumin da ya karanta 80 alhali 30 ce ya riga ya shiga haɗari bai sani ba. Haka zurfi, haka mintocin da suka rage, haka tsayawar minti 3 a mita 5 kafin fitowa. Duk da ƙananan lambobi ake faɗa maka su.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne ruwa yana ƙara tsananta matsalar. Agogon da ke santimita 40 daga fuska, ido yana karɓarsa kamar yana santimita 30. Lambobin sun ƙara girma, gaskiya, amma ido yana bukatar ƙarin ƙarfi wajen 0.75 kafin ya fito da su. Sai a ƙara da ƙarancin haske, wanda ke buɗe baƙin ido ya rage zurfin abin da ke fitowa sarai. Shi ya sa mai +1.50 a gida muke ba shi +2.00 a ruwa. Za ka iya gwadawa a shagon tabarau: ka riƙe agogon nutsonka a santimita 30, a wuri mai ɗan duhu, ka gwada +1.75, +2.00 da +2.25. Mafi raunin da ya fito maka da ƙananan lambobi ba tare da ƙanƙance ido ba, shi ne naka. Kada ka yi zaton ƙarfi da yawa ya fi. Mai +3.00 yana fito da abin da ke dab da hanci, amma hannunka da spana a jikin bututu su koma dishi-dishi.

Mafi arha shi ne lens na mannawa, wata roba ce mai laushi mai siffar rabin wata, faɗinta wajen santimita 3, ana samunta daga +1.00 zuwa +3.00. Da ruwa kawai take kamawa. Ga yadda ake yi don ta daɗe. A wanke cikin gilashin da sabulun ruwa na wanke-wanke, a ɗauraye sosai har yatsa ya riƙa ƙara a jikinsa, kada a bar maiƙo ko maganin hana tururi. A sa gilashin a fuska, a ɗaga hannu yadda aka saba duba agogo, a lura da inda ido yake sauka, a yi alama daga waje. In robar ta fi wurin girma a rage ta da almakashi ta ɓangaren da ya zagaye, domin duk gefen da ya hau kan silikon nan ruwa zai shiga ya ɗaga ta. A ɗiga ruwan ɗumi, a ɗora ta, a matse daga tsakiya zuwa gefe har kumfa ta ƙare. Sai a ajiye a inuwa sa'a 24 cur. Yawancin waɗanda ke kukan ta faɗi, da safe suka manna suka shiga ruwa da hantsi.

Wurinta ƙasa ne, ta ɗan karkata wajen hanci, domin idanu suna matsowa ciki in ana kallon kusa. Miƙaƙƙen gefenta na sama kada ya kai tsakiyar ido, in ba haka ba duk lokacin da ka kalli ƙasan ruwa sai ka ga ya ɓace. Wasu a ido ɗaya suke sawa, ɓangaren hannun da agogo yake, su bar ɗayan fili. Yana aiki, kuma ya bar maka guda a ajiye.

Amma ga mai aiki kullum irinka, mannawa gwaji ne kawai. Ko ba jima ko ba daɗe za ta tafi ranar da gilashin ya cika da ruwa ka hura shi. Yi amfani da ita wata guda ka tabbatar da ƙarfi da wuri, sannan ka sa a manna maka na gilashi na dindindin, ko ka sayi gilashin da aka ƙera da sashen karatu a ƙasa. Shi wannan na ƙarshe ƙarfinsa yakan zama ɗaya, wajen +1.75 ko +2.00, wanda ya dace da kai yanzu. Nan da shekara 5 zuwa 8 ka sa ran za ka bukaci ƙari.

Takardata −2.50 ce duka ido biyu, da ADD +2.00. Na sayi lens −2.50 na sa, yanzu nesa ta fito amma geji ya ɓace.

Haka zai faru, Alhaji. ADD ɗin nan shi ne ƙarin ƙarfin da kake bukata don ganin kusa. Idonka mai −2.50 dama an saita shi ne a kan kusa, shi ya sa kake cire tabarau ka karanta waya. Da ka gyara nesa, ka ɗauke wannan gatan. Abin da kake bukata mai hawa biyu ne, nesa a sama, kusa a ƙasa. Ko ka manna +2.00 ko +2.50 a ƙasan wanda ka saya, sai dai ka sani cikinsa yana da kwari, kamun robar bai kai na shafaffen gilashi ba, ko ka ba da a yi maka mai hawa biyu na dindindin. Akwai kuma masu barin ido mai rinjaye da −2.50, su rage ɗayan zuwa −1.00. Wasu kwakwalwarsu takan karɓa, wasu jiri suke ji. Kada ka fara gwada wannan a ruwa, ka sa mai gwajin ido ya ɗora maka a firam ɗin gwaji ka zagaya da shi tukuna.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Katsina, kwantak nake sawa, wato siririn lens da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Zan iya nutso da shi in huta da duk wannan?

Za ki iya, 'yar'uwa, kuma masu nutso da yawa haka suke yi. Yana da ribar da lens ɗin gilashi ba shi da ita: kina gani a cikin jirgin ruwa, kina gani bayan kin cire gilashin, kuma duk gilashin haya ya yi miki. Sai dai da sharuɗɗa.

Ki yi amfani da mai laushi na kwana ɗaya, wanda ake yarwa. Da kin fito, ki wanke hannu, ki busar, ki cire shi ki jefar. Kwantak yana riƙe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa a jikin gaban ido, kuma mafi muni ita ce wata ƙwaya mai suna akantamiba, da ta fi yawa a ruwan tafki, dam da famfo. Ba ta cika kama mutane ba, amma in ta kama maganinta na watanni ne, tana kuma iya bar wa ido tabo. Saboda haka a ruwan dam ba mu ba da shawarar kwantak ko kaɗan. In bayan nutso ido ya yi ja, yana zafi, haske na damunki, kada ki jira gobe, kuma ki faɗa wa likita kin shiga ruwa da kwantak.

Mai tauri a bar shi a gida. Yana saurin ficewa, kuma ƙananan kumfa kan taru a ƙarƙashinsa lokacin hawowa, gani ya dusashe na ɗan lokaci. Ki kuma sanar da malaminki tun ranar farko, domin cikin darasi akwai cika gilashi da ruwa da cire shi gaba ɗaya. Ki rufe ido a lokacin, shi kuma ya taɓa kafaɗarki in an gama.

Nawa −8.00 ne. In sayi −8.00 ko in rage kamar yadda ake cewa?

Kai kada ka rage. An auna takardarka ne a kan tabarau da ke zaune wajen milimita 12 daga ido. Gilashin nutso ya fi haka nisa, sau da yawa milimita 20 zuwa sama. Lens mai alamar − yana rage tasiri in ya yi nisa da ido. A −4.00 bambancin bai kai kwata ba, ba a kula shi. A −8.00, ƙarin nisan milimita 10 yana bukatar wajen −8.75 kafin a dawo daidai. Ke nan −8.00 na shirye ya riga ya zama mai rauni a wurinka. Masu alamar + akasin haka ne, +5.00 yakan koma wajen +4.75.

Ka nemi ƙaramin gilashi mai kwanciya kusa da fuska. Ka kuma lura da kauri, domin gefen lens mai wannan ƙarfin yana iya taɓa gira ko karan hanci in ruwa ya matse, shi ya sa ake yin na musamman da gilashi mai lanƙwasa haske sosai, ya fito siriri. Abu biyu a ƙara: a duba maka tantanin bayan ido kafin ka fara, tunda masu lamba mai yawa sun fi samun rauni a can, sannan ka tanadi gilashi na biyu. Ba shi ba, ko tsanin jirgi ba za ka gani ba.

Muna aikin ceto a wajen dam ɗin Zobe da Ajiwa. Ruwan duk laka ne. Wani abokin aikinmu yana da tabarau na iyo mai lamba, wani kuma ya ce mu manna tsohon lens da sufa gulu. Wanne ya fi?

Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Duka biyun ba su yi ba.

Tabarau na iyo bai rufe hanci ba, kuma nan ne matsalar. A mita 10 matsi yana ninka na tudu sau biyu, iskar da ke tsakanin gilashi da fuska tana neman komawa rabi. Mai gilashin nutso yana hura iska kaɗan ta hanci ya cike gurbin. Mai tabarau na iyo ba shi da hanya, sai abin ya tsotsi ido, ƙananan jijiyoyi su fashe, farin ido ya yi jajir, fatar ido ta kumbura. Tun daga mita 2 zuwa 3 ake fara jin jan. Ko mai gilashin nutso in ya manta hurawa haka zai same shi.

Sufa gulu kuma yana fitar da tururi da ke farar da gilashi, yana yi wa ido yaji a wurin da iska ba ta fita, kuma ba ya jure jiƙa. Ga shi lens ɗin tabarau a lanƙwashe yake gaba da baya, ba ya kwanciya a shafaffen gilashi. Ruwa da tururi za su shiga tsakani, inda yatsa ba ya kaiwa. Manna shi ta waje ya fi muni, domin da ruwa ya taɓa lanƙwasar mafi yawan ƙarfinta ya tafi. Kada kuma a kai wa mai yanka gilashi ya rage ko ya huda. Gilashin nutso gasasshe ne, za ku ga an rubuta Tempered ko harafin T a gefensa, in aka taɓa shi da abin yanka rugujewa yake yi. Wanda aka yanko daga gilashin taga kuwa in ya fashe tsini yake yi, a gaban ido.

A ruwan da ba a ganin abin da ya wuce rabin mita, kashe kuɗi a kan gyaran nesa ba shi da amfani sosai ga mai ƙaramar lamba. Da hannu da igiya ake bincike. Abin da za ku kalla geji ne da kamfas, a dab da fuska, da tocila. Don haka duk wanda ya haura 45 a cikinku, lens na karatu ya fi masa komai. Mai lamba daga −3.00 zuwa sama shi ma ya sa nasa, saboda in ya ɗago yana bukatar ganin kwale-kwale da alamar mai riƙe igiya.

Tunda yawancinku akwai gashin baki: gemu bai hana gilashi zama ba, gashin da ke ƙarƙashin hanci ne ke kawo yoyo. A rage siririn layi na milimita 2 ko 3 a nan, ko a shafa man silikon kaɗan. Ƙara ɗaure maɗauri ba ya magani, naɗe leɓen robar yake yi ya ƙara yoyon.

An yi wa mahaifina aikin yanar ido, ni kuma ina shirin aikin leza. Yaushe ake komawa ruwa?

Bayan leza akan jira wajen wata 1, bayan aikin yana wata 1 zuwa 3 bisa irin yankan da aka yi, kuma likitan da ya yi aikin ne mai yanke hukunci. Wanda aka yi wa aikin tantanin bayan ido aka sa masa kumfar gas a ciki, babu nutso, babu jirgin sama, sai likita ya tabbatar ta narke. Kada a sayi lens kafin aiki, domin lambar za ta canza. Baba kuma, ko nesa ta dawo masa tas, akwai yiwuwar zai bukaci na karatu.

Sabon gilashina mai lens yana ta yin tururi. An ce in ƙona cikinsa da laita.

Kada ka kusance shi da wuta. Gaskiya ne sabon gilashi yana zuwa da wani siririn maiƙon silikon daga masana'anta, kuma wasu suna ƙone shi a gilashi zalla. Amma inda akwai gam, ko robar mannawa, ko rufin launi, wuta ɓata su take yi. Gilashi zalla a goge cikinsa da farin makilin, ba mai santsi kamar jeli ba, da yatsa, a ɗauraye, a maimaita sau 3 ko 4. Wanda aka manna wa lens kuwa sabulun wanke-wanke ya isa, sai in wanda ya yi aikin ya ce makilin ba laifi. Kafin kowace shiga ruwa, ɗigo ɗaya na shamfu na jarirai da aka sirka da ruwa, a shafa a busasshen gilashi, a ɗauraye sama-sama sau ɗaya. Yawu ma yana yi, amma mai kwantak ya guje shi. Yawan fitar da numfashi ta hanci shi ma yana kawo tururi, haka shiga ruwa da fuska mai zafi, don haka ka jiƙa fuska tukuna.

Ajiya a garinmu sai an kula. Zafin bazara a cikin rufaffiyar mota yana sassauta gam, yana sa farin silikon ya koma rawaya. Ƙurar hunturu kuma in aka goge ta a bushe tana karce robar karatu, sai a zuba ruwa ya tafi da ita kafin yatsa ya taɓa. Bayan kowane nutso a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa, a mayar cikin akwatinsa a rufe ruf, domin kyankyaso yana cin leɓen silikon, kuma 'yar ɓula ɗaya a gefen ta isa ta sa a sayi sabon gilashi. In hakan ta faru, ka sayi samfuri iri ɗaya, lens na shirye zai koma cikinsa.